Biyar Ɗin Namata

Shekara bakwai ke nan da muka kai Namata makwancinsa a nan Greensboro ta Amurka, kuma har yau in sanyi ya kunno kai ba na iya zama wuri ɗaya. In shiga gareji in fito, in sake komawa kamar wanda ya yar da allura. Maiɗakina, Hajiya Binta, ta daina tambayata abin da nake nema. Ta san babu abin da ya ɓata. Jirgin marigayin ne rataye a bango, da robar batirinsa a ƙasa, su suke hana ni sakat.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Namata mutumin Gaya ne ta Nijar, basarke gaba da baya, wato ɗan gidan da kamun kifi ne gadonsu. Ni kuwa Bakano ne, babban ruwan da na sani a ƙuruciya shi ne kududdufin bayan gidanmu. Aikin kamfanin kujeru ya haɗa mu, ni ina awon katako, shi yana lodi. Yakan ce da ni Malam Inci, saboda tef ɗin awo ba ya barin ƙuguna, ni kuma in ce masa kifin da aka jefo tudu. Da wasa nake faɗa, amma gaskiya ce. Ban taɓa ganin mutumin da rashin kogi ya hana wa sukuni kamarsa ba. Ranar da ba aiki sai ya yi ta zagaye High Point Road a mota, babu inda za shi.

Da ya gano tafkunan arewacin gari, sai ya sayi kayak, ƙaramin kwale-kwalen roba mai ɗaukar mutum guda, wanda ake ɗaurewa a saman mota. Muka ce to, an samu lafiya. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ya yi ta zuwa yana dawowa hannu rabbana, har mutanen masallaci suka sa shi gaba da tsiya, wai ga basarken da kifin Amurka ya raina. Shi dai bayaninsa ɗaya ne. A kogin Kwara, in ji shi, gora ce idonsa: ya caka ta ƙasa, ya ji yashi ne ko laka, ya san irin kifin da ke kwance a wurin. Nan kuwa ruwan tare shi aka yi da madatsa, zurfinsa ya fi ƙarfin gora, ga shi bai san abin da aka binne a ƙarƙashi ba. Baƙo dai ko da ido makaho ne.

Daga nan ya shiga neman na'urar gano kifi. Ya ja ni shagunan kayan su har na gaji da ganin fuskokin masu shagon. Ina nuna masa manya masu faffaɗan gilashi, yana girgiza kai. Shi ƙarama yake so, wadda zai cire ya sa a jaka, domin a gidan haya yake, abin da aka bari a waje kuwa sai dai wani ba kai ba. Sannan rubutunta ya fito ko da rana ta take, maɓallanta kuma su danno da jiƙaƙƙen hannu. Ya ƙare a kan wata mai hoton baƙi da fari, gilashinta bai fi tafin hannu ba. Tun a mota ya raɗa mata suna Gora. Ɗan abin da ke aika ƙara cikin ruwa ya saurari amsa kuma ya ce sunansa kunne.

Sayen na'ura daban, ciyar da ita daban. Da farko ƙananan batura irin na tocila take ci, sanyi na bugunsu sai su mace a tsakiyar ruwa, gilashi ya yi ɗif. Ya fusata ya ɗauko batirin mota, jirgin ya karkata gefe guda kamar jakin da aka yi wa mugun lodi, da kyar ya kai gaɓa. A ƙarshe ya samo ɗan madaidaicin batir rufaffe, irin na ƙararrawar tsaron gida, wanda ba ya yoyo ko an kifar da shi. Ya ɗauke robar da matarsa Ramatu ke ajiye yaji, ya huda murfin ya zura waya, ya liƙe ramin da gam, ya sa fis a kan wayar. Ramatu ta yi ta mita har ta haƙura. Kunnen ma ya sha wuya: robar da ke manne shi a gefen jirgi ta yi ta saki, sai ya liƙa shi a cikin gindin jirgin, ya matse har iska ba ta da wurin zama a tsakani. Dokarsa kuwa ba ta canzawa. Ko ya dawo a gajiye liƙis, sai ya sa batir a caji kafin ya sha ruwa. Ya ce bateri kamar doki yake, ba a kwantar da shi da yunwa.

Kifi ya fara shigowa gida. Akwai wani mai faɗi da ke taruwa a tsakiyar ruwa lokacin sanyi, ba ya sama ba ya ƙasa, Namata ya ce karfasar Amurka ce, mu ma muka bi shi a haka. Masu tsiya suka sauya waƙa, wai yanzu basarke da talabijin yake su. Bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kakansa ma da ya ga zaren roba ai bai ce sai zaren rama ba. Da bazara ya matsa mini na shiga jirgin a bakin gaɓa, sanye da rigar da ke hana nutsewa, har na iya riƙe filafili ba tare da na yi ta juyawa wuri ɗaya ba. Gora kam bai taɓa barina na taɓa maɓallinta ba.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne dalilin wannan naci. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, sai ga Ramatu da ciki. A gidansu Namata kuwa akwai al'ada: kafin ranar suna, mai jego za ta sha farfesun kifin da uban jaririn ya kamo da hannunsa. Ba na kasuwa ba, ba na kyauta ba. Haka aka yi wa uwarsa, haka aka yi wa kakarsa, kuma ya ce ba a kansa zaren zai tsinke ba don kawai ya zo ƙasar da ake sayar da kifi a leda.

Ciwon ya zo masa da kaka, bai kuma yi masa da sauƙi ba. Wata rana da na je asibiti bayan la'asar, ya kama hannuna ya ce, “Malam Inci, in ban kai ba, jirgina da Gorata hannuna ne, kifin da suka kamo ni na kamo. Kai za ka shiga.” Na ce ya daina wannan magana, shi zai shiga da ƙafarsa. Ya yi murmushi kawai. Bai kai ba. Ramatu ta shiga takaba da tsohon ciki, kuma a tsakiyar sanyi ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji.

Alkawari kaya ne, wannan kuwa na ji nauyinsa har cikin ƙashina. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na sa batir a caji, na ɗaura jirgi a mota. Da yake ni mutumin awo ne, na zauna da tef na yi wa zaren fatsata alama ƙafa bayan ƙafa, don kada a samu kuskure. A kan ruwa na haɗa wayoyi, Gora ta farka tas kamar mai ita ne ya taɓa ta. Ban yi nisa ba ta fara ƙara, ga kifaye reras a gilashi, lamba kuma ta nuna suna zaune a biyar. Na saki zare ƙafa biyar cif, na jira. Shiru. Na sauya wuri, na sauya abin da ke kan ƙugiya, na karanta duk addu'ar da na sani. Kifi na kallona a gilashi, ina kallonsa, gani dai ba ci ba. Haka na wuni, haka na sake wuni, yatsuna sun ƙage, zuciyata na tafasa. Wani ɗan'uwa ya ba ni shawara in saya a shagon Afirka in rufe bakina, wa zai sani? Na ce ni zan sani, ita ma za ta sani.

Ana jibi suna na bi Hajiya Binta gidan mai jego, kunya kamar ta kashe ni. Daga bakin ƙofar falo na yi wa Ramatu bayani, na ce na'urar marigayi ƙalau take, kifi ma yana nan, a biyar yake zaune, ni ma a biyar nake ajiye ƙugiya, amma ya ƙi ni. Tana jijjiga jaririn, ta ɗago.

“Biyat ɗin mi, Alhaji?”

Na ce ƙafa mana.

“Wane ƙafa? Shi ai da metir yake lissafi. Ko labulen ɗakin ga da metir ya auna shi, har mai shago ya gaji da mu.”

Tun rasuwar ba a ji dariyarta ba sai ranar. Ta yi ta yi har hawaye ya biyo baya, mu ma muka taya ta, ban san wanne muka fi yi ba. Ashe tun ranar da ya sayi Gora ya juya ta zuwa mita, irin lissafin makarantar Nijar, ni kuma Bakano mai tef na karanta ta da ƙafa. Ƙugiyata tana rataye can sama, ko sulusin hanya ba ta kai ba, kifi yana ƙasa yana harkar gabansa. Akwai ma ɗan harafin da ke nuna haka a gefen lambar, idona ne bai kai kansa ba.

Washegari na koma. Da Gora ta nuna biyar, na saki zare na wuce duk alamomin da na wahala na yi, na ci gaba da saki. Ban gama gyara zama ba na ji an fizga. Kaɗan na kamo, amma sun isa tukunya. Hajiya Binta ta yi farfesu, Ramatu ta sha kafin a raɗa suna. Yaron sunan mahaifinsa ya ci, amma kowa Audi yake kiransa, kamar yadda ake kiran wanda bai tarar da ubansa ba.

Yau nakan tambayi kaina me Namata zai ce in ya leƙo. Kamfanin da ya haɗa mu ya rufe, abokan aikinmu sun watse, wasu tasi, wasu gidajen ajiyar kaya. Jama'armu ta ƙaru a garin nan, shagunan kifi sun yi yawa, amma ban san gida nawa ne suka riƙe irin abin da ya riƙe ba. Na'urorin ma sun wuce inda ya bar su. Kwanaki na shiga shagon da muka sayi Gora, na ga masu launi, masu nuna maka inda kake a taswira, har da masu leƙa gefe da gefe. Na san da yana nan sai ya taɓa kowacce, ya yaba, sannan ya tambayi mai shago abin da take ci da kuma yadda za ta yi da sanyi. Anya zai bar Gora saboda su? Wani lokaci in ce zai bari, domin shi ba mai riƙon tsohon abu don tsufansa ba ne. Wani lokaci kuma in ce ina, ai ba launi ya je nema ba. Wannan tambayar ma tana cikin abin da ke hana ni zama.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa. Bai gina gida a Gaya ba, bai tara komai a nan ba. Batirin da ya saya ma ya daɗe da mutuwa, na sa wani a cikin robar yajin Ramatu, kuma ba na kwantar da shi da yunwa. Amma ya bar ɗa wanda aka karɓa duniya yadda aka karɓi ubansa da kakansa, ya kuma bar Bakano guda da ba ya iya ganin sanyi ya zauna a gida. Ina kewarsa ƙwarai, Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Ɗana babba ya taɓa ɗaukar Gora ya ce bari ya mayar mini da ita ƙafa, danna biyu ne kawai, in huta da lissafi. Na karɓe abata. A tudu ni Malam Inci ne, har gobe da tef nake yawo. Amma a makon jiya da na shiga ruwa, kifaye suka jeru a gilashi, lamba ta nuna biyar, ban tsaya tunani ba. Na saki zare biyar ɗin Namata.