Karsanar da Kawu Ya Ba Mu

Shekarar da maigidana ya dawo Galma, fara ta riga shi zuwa. Gonar da ta saba cika mana rumbu ko rabinsa ba ta kai ba, ga yara uku, kowanne da bakinsa. Shi kuwa ya yi shekaru yana aparanti, wato yaron mota, a kamyo, babbar motar kaya, ta wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, har yaƙin Turawa ya tashi, hukuma ta karɓe motar ta kai inda ba a faɗa mana ba. Ya dawo da riga ɗaya da hannuwa baƙi ƙirin, waɗanda ko toka ba ta iya wanke su.

A lokacin mazan garinmu kashi biyu ne. Akwai waɗanda gardawan hukuma ke kwashewa aikin hanya ba ko sisi, akwai masu sulalewa kudu, can Kurmi, neman abin da za su aiko. Iyaka a rufe take, wanda ya ƙetara sai Allah ya yi masa dawowa. Na san mata da yawa da suka raka miji bakin gari, daga nan ko labarinsa. Maigidana ya ce shi ma idan rani ya tsaya bai sami abin yi ba, tafiya zai yi, don ba zai zauna yana kallon yara suna lashe kwano ba. Wannan magana ta hana ni sakat. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a Galma ya sani, amma a kwanakin nan har tsoron ɗaga murya nake, kada in tunzura shi ya ɗauki sandar tafiya.

Yana da dabara ɗaya, kuma kullum ita ce hirarsa.

"Ke duba," in ji shi, "motocin ga da sunka rage, isansi, man da su ka sha, babu, gawayi su ka ci. Mota mai cin gawayi ko kullum ba ta lahiya. Tun daga Madawa hab Buza hak Keita babu mai taɓa ta, sai a aika birnin Tawa a zamna jira. In ina da kayan aiki bisa jaki, ni ka zuwa in ishe ta inda tak kwanta."

Kayan aikin ma akwai su. Wani tsohon direba a Madawa, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, yana son ya sayar da akwatinsa na ƙarfe ya koma garinsu. Maigida ya je ya gani, ya dawo yana lissafa mini abin da ke ciki kamar mai kwatanta lefe: kile manya da ƙanana na kwance ƙusa, abin ɗaga mota, famfon iska, danƙon like taya. Jaki muna da shi, ko da yake duk haƙarƙarinsa a waje. Abin da ya rage shi ne kuɗin akwatin, kuma bijimi ɗaya ya isa. Mu kuwa ko akuya ba mu da ita.

Sai na tuna da kawuna, ƙanin mahaifiyata. Bafillace ne mai noma da kiwo, yana zaune gabas da Sabon Gida, kuma duk wahalar shekarun nan garkensa bai watse ba. Ni ce 'yar lelensa tun ina ƙarama. Na matsa wa maigida lamba har ya yarda muka je.

Ku da ba ku ga kunyar surukuta ta wancan zamani ba, ba za ku gane azabar ranar ba. Mutumin da a gida yake magana kamar an kunna injin, tun daga nesa ya tuɓe takalma, ya tsuguna can bakin zana, ya kafa ido a ƙasa. Muryarsa sai ka kasa kunne. A haka ya zayyana komai: bijimi ɗaya za a sayar, a sayi akwati, duk abin da aka samu a raba biyu da Kawu, har kuɗin bijimin ya fita, sannan a ci gaba da ba shi kaso. Kawu yana zaune a buzunsa yana tufkar igiya, bai ɗago ba sai da aka gama.

"To, suruki," in ji Kawu. "Kana Galma, mota ta kwanta Keita. Wa ka hwaɗa maka?"

"Masu raƙuma, Baba, da 'yan kasuwa. A ƙasag ga labari ya hi mota gudu."

Kawu ya yi murmushi. Na ji sanyi a raina, na ce an fara da kyau.

"Ka gyara. Wa ka biyanka?"

"Direba, ko mai kaya."

"In ta kumandan ta hwa, Baturen mulki?"

Maigida ya ce, "Ta kumandan ba ta biya, Baba."

"Wace ta hi yawa bisa hanya, ta kumandan ko ta 'yan kasuwa?"

"Yanzu dai ta kumandan."

Ina bayan zana na ji kamar in jefe shi da ludayi. Wa ya aike ka? Mutum yana neman tsira, ka tsaya kana auna gaskiya da mudu! Amma haka Allah ya yi shi, ko a ciniki shi ne mai nuna wa mai saye inda tabarma ta yage.

Kawu ya ci gaba. "Akwatin ga, in ya shekara hannunka, shina ƙaruwa?"

"A'a, Baba. Sai dai shi rage, in wani abu ya karye."

Daga nan Kawu ya juya harshe zuwa Fillanci, wanda maigida ba ya ji, ya tambaye ni ko ni na yarda da wannan sana'a. Na ce na yarda ɗari bisa ɗari. Gaskiya ni ban san kan mota ba, ban taɓa shiga ba ma. Abin da na sani shi ne mijin da ke yawo tsakanin Madawa da Keita yana dawowa gida ya ci tuwo. Kawu ya ce ba ya sayen saniya sai ya ga tafiyarta, don haka zai zo ya gani da idonsa.

Ya zo kuwa. Ya sauka gidanmu, kullum da hantsi su tafi bakin hanya shi da maigida su zauna ƙarƙashin wata bagaruwa, ni kuma in kai musu ɗan kunun da ya samu. Wata rana sai a wuni ba a ji ƙarar mota ba, sai jakuna da raƙuma. Kawu sai dai ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya kurɓi kunu. Ni kuwa ina ta roƙon Allah ya kawo mota ya kuma lalata ta. Ban taɓa yi wa dukiyar wani irin wannan addu'a ba sai lokacin.

Allah ya karɓa. Wani mai raƙumi ya kawo labari cewa kamyo ta mutu a cikin wata korama ta hanyar Buza. Muka ɗunguma har da ni, goyo a baya. Muka tarar da ita tana tururi, direba ya cire hula yana zagin kowa, ga gardi zaune a kan buhuna da bindiga. Wata igiyar roba da ke juya abin sanyaya injin ce ta tsinke, kuma babu irinta ko a Madawa. Maigida ya leƙa, ya zagaya, sai ya je gaban Kawu ya durƙusa ya roƙi igiyar fatar da ke ɗaure a kafaɗarsa. Ya jiƙa ta, ya sake kitsa ta, ya auna, ya ɗinke bakin, ya ari kile wurin direba ya ɗaura. Kunyar nan duk ta tafi, har umarni yake ba gardi ya riƙe masa nan, ya saki can. Da aka murɗa motar ta tashi, na yi guɗa ban san na yi ba. Na dubi Kawu na ga bakinsa a buɗe.

Sai aka zo biya. Kayan hukuma ne a motar. Direba ya laluba aljihu ya ba shi ɗan ƙullin sukari, ya ce Allah ya yi albarka. Gardi kuma ya kama hannunsa ya ce irin wannan mutum bariki ya kamata a kai shi, ya hau su tafi. Sai da na kwanta a gaban motar ina kururuwa, direba ya sa baki, sannan gardin ya sake shi yana dariya. Duk wannan a kan idon Kawu.

A hanyar dawowa ya ce wa maigida, "Suruki, hannunka na da albarka, na gani. Ku ishe ni gida ran kasuwa." Na kasa zama na kasa tsaye har ranar ta zo. Na riga na fara tunanin inda za mu ajiye akwatin a ɗaki.

Muka tarar ya tara dattawan rugar. Ya yi doguwar magana a kan maigida, ya ce ya auna shi ya ga ba ya ƙarya ko da gaskiya za ta cuce shi, kuma irin wannan mutum ba a ba shi abin da zai ƙare. Sannan ya sa aka jawo wata karsana ja, mafi kyau a garken, ya kama igiyarta ya danƙa a hannun maigida. Ya ce habbanaye ce.

Ni jinin Fulani ce, na san abin da ake nufi. Habbanaye saniya ce da ake ba mutum amana, ya riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan da nonon nasa ne, sannan ya mayar da uwar. Babu girmamawar da ta fi wannan a wurinsu, ba kowane ɗan'uwa ma ake yi wa ba, balle Bahaushe. Amma ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a jinginar da ita. Wanda ya yi haka, shi da zuriyarsa ba su ƙara ɗaga kai a cikin mutane. Ga shi karsanar ko barbara ba a yi mata ba. Dattawa suna ta sa albarka, maigida yana durƙushe yana godiya.

Na bi Kawu bayan bukka na kama ƙafarsa. Na ce bijimi muka roƙa, ko gurgu ne, ko mai ido ɗaya.

"Ɗiyata," ya ce, "bijimin da kika so, sukari za shi zama. Ko ko gardi shi tahi da mijinki da akwatin gaba ɗai. Wagga ko tana ciyad da ɗiyanki."

"Kawu, kahin ta haihu ya tahi!"

"Shi yi haƙuri."

Haƙuri! Mai garke ne kaɗai ke iya faɗin wannan kalma da sauƙi haka.

Tun a hanya na fara. Na ce wa maigida mu wuce da ita Madawa kai tsaye, akwai dillalan da ba su tambayar asalin dabba. Na ce kawuna ne, kunyar tawa ce, ni zan ɗauka, a tsine mini a kowace ruga. Na yi kuka, na yi zagi, na kira shi abin da mace ba ta kiran mijinta. Kwana da kwanaki ina abu ɗaya, har maƙwabta suka daina leƙowa. Amsarsa ba ta canja ba.

"Gaban mutane yab ba ni igiyag ga. Ba ni kai ta kasuwa."

Wato shi da ba Bafillace ba ya fi ni riƙon al'adar Fulani. Ana cikin haka labari ya zo cewa tsohon direban ya gaji da jira, ya sayar wa wani maƙeri akwatin, an fara sare ƙarafan ana yin ruwan hauya da su. Ranar maigida ya kafa wa karsana turke mai ƙarfi, ya yi mata rumfa, ya tara mata karan dawa da harawa iya abin da ya samu. Ina kallonsa na san shirin me yake. Da rumbu ya kai ƙasa, ya bi ayarin masu zuwa kudu. Saƙonsa ya zo sau ɗaya, da ɗan ƙyalle da gishiri, wai yana aiki a wani garejin bakin teku. Daga nan shiru. Na tambayi duk wanda ya dawo har mutane suka fara kauce mini a kasuwa.

Karsana ta yi abin da aka ce za ta yi. Daminar da ta biyo ta fi ta baya muni, gidaje da yawa a Galma sun binne yara, ni ban binne ko ɗaya ba, don a lokacin ta haihu, nononta kuma kamar an buɗe rijiya. Da ta yi haihuwa ta uku, Kawu ya zo da kansa karɓar abarsa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tsaya ya dubi maruƙa a turke, ya dubi yarana sun yi ɓul-ɓul, fuskarsa ta cika da farin ciki.

"Kin gani, ɗiyata? Da ƙarhe na, mi za ki tatsa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta ƙona ni kamar wannan ba. Na shiga ɗaki na ɗebo masa nono a ƙwarya mai kyau, na durƙusa na miƙa masa. Ƙaramar 'yata, wadda ke goye ranar da muka je korama, ta zo ta raɓe a jikina tana kallon baƙon. Ta ja zanena, ta tambaye ni a hankali ko wannan ne babanta.