Tafasar Bayan Ɗakina

Shekarar da aka maido maigidana aiki Yamai, wani buro, wato ofis, a Plateau, gidan haya muka samu a Banifandou. Gida ne mai ɗakuna a jere, pampo ɗaya, bishiyar dogon yaro ɗaya a tsakiya. Ban san kowa ba. Matan gidan suna hira da Zabarmanci, su gauraya da Faransanci, sai in sun juyo kaina su yi Hausa. Ni kuwa daga "fofo", gaisuwarsu, ban iya komai ba. Sukan ce mini ƴar Maradi.

Da damina ta sauka, sai ga tafasa ta fito da kanta a bayan ɗakina, jikin katanga. Ranar da na gan ta na daɗe a tsugune. Tun da muka zo ban ga abin da ya san ni ba sai ita. Na riƙa cire mata ciyawa, ina korar awakin maƙwabta.

Wata safiya Hajiya mai gidan, dattijuwa Bazabarma, ta zagaya ta gani.

"Wannan dajin fa? Sauro zai kashe mu. Gobe mai lambu zai zo daga Gamkalley kawo mini salati, sai ya nome shi gaba ɗaya."

Na ce, "Hajiya, abinci ne."

"Na awaki?"

Wata maƙwabciyata, matar jandarma, da ke wanki ta fashe da dariya. Ni dai ba mai magana ba ce. Ko a ajin yaƙi da jahilci da na yi a gida, in malama ta ce in tashi in karanta, sai ta matso kusa kafin ta ji ni. Amma na roƙi Hajiya ta bari in dafa su ɗanɗana, in ba ta yi musu ba, a nome. Ta ce to, ba tare da ta dube ni ba.

Na tsinko kan ganyen, masu taushi. Na dafa, na zubar da ruwan, na matse sosai. Na daka ƙuli-ƙuli da yaji, na yanka albasa, na zuba man gujiya. Warin dahuwar tafasa ba ya ɓoyuwa, har Tanti, mai kitso ƴar Kwatano, ta leƙo ta tambaya ko magani nake haɗawa.

Bayan la'asar suna zaune ƙarƙashin dogon yaro, Tanti tana yi wa wata maƙwabciyarmu, Maman biyu, kitso. Na ajiye kwanon a tsakiya, na yi yadda aka koya mini. A gidanmu mace ba ta yabon girkinta. Kushe shi take yi, masu ci su yaba.

"Ga shi nan, ba wani abin kirki ba ne. Bai ma yi daɗi ba yau, ku yi haƙuri."

Matar jandarma ta janye hannun da ta fara miƙawa.

"Ke da kika dafa kin ce ba daɗi, mu me zai kai mu? Ku ji, wai bai yi daɗi ba!"

Tanti ta ce, "Marsi, na gode, ƴar Maradi, na ƙoshi."

Suka koma hirarsu. Kwanon yana zaune, ƙuda ya fara zagaya shi. Na ji kamar in ɗauka in shige ɗaki. Sai na tuna gobe da safe hauya za ta bi ta kan tafasata. Na wanke hannu, na zauna a gefen tabarma, na kai loma.

"Ƙarya na yi," na ce. "Ya yi daɗi."

Suka juyo.

"Wallahi ya yi daɗi. Kunya ce ta garinmu. Ni a duniya babu abin da nake so kamar wannan kwaɗon. In aka ajiye mini shi da kaza, kazar za ta kwana."

"To ki miƙo mana kazar," in ji matar jandarma.

Aka yi dariya, ni ma na yi, sai bakina ya buɗe. Na ba su labarin yadda innata ke tura mu bakin gona da ƙwarya tun raɓa ba ta bushe ba, ta ce kan ganye kaɗai, wadda ta kawo tsoho ita za ta ci shi. Na gaya musu tafasa barci take yi, in rana ta faɗi sai ta naɗe ganyenta biyu-biyu kamar mai tafa hannu. Tanti ta ce ba ta yarda ba, sai ta gani da idonta. Na ce farkon loma akwai ɗan ɗaci, kada a yi saurin yanke mata hukunci, a jira ta biyu. Ina magana ina ci, ban ma lura kwanon yana raguwa ba.

Maman biyu, kanta rabi a tsefe, ta ce, "Ke, tsaya mana, za ki cinye ki bar mu da labari."

Ta ɗiba. Ta yamutsa fuska, ta tauna, ta sake ɗiba. Matar jandarma ta bi ta, tana cewa ita dai don ƙuli-ƙulin take ci. Tanti ta ce a ƙara yaji, mutanen Maradi tsoron tonka, wato barkono, suke.

Hajiya kaɗai ba ta motsa ba. Na tura kwanon gabanta a hankali.

"Na san ta," ta ce. "Ba yau na fara ganinta ba. Ina yarinya, a ƙauyenmu, shekarar yunwa, ita muka ci safe da yamma. Ba mai, ba gishiri. Da na zo birni na ce ni da ita har abada."

Ashe ba sauro ba ne. Na ji nauyin abin da na yi, na jawo kwanon baya.

"Ki yafe ni, Hajiya, ban sani ba. Gobe a nome ta. Ba zan so ki riƙa ganin abin da zai tayar miki da hankali a gidanki ba."

Ta riƙe bakin kwanon.

"Wa ya ce ki ɗauke?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗebi kaɗan da yatsu uku, ta yi bisimilla. Muna kallonta tana taunawa, har Tanti ta saki gashin Maman biyu.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ita ce, Hajiya. Mai ta samu."

Ta yi ƴar dariya, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce yajin ne. Ba ta ƙara loma ba, ban kuma matsa mata ba.

Da safe mai lambu ya iso da hauyarsa a kafaɗa. Ina ɗaki ina jin su ta taga, hannuna a ƙirji. Ya nome gefen pampo da bakin ƙofa, ya nufo bayan ɗakina.

"Kai, tsaya nan," in ji Hajiya. "Daga nan zuwa katanga gonar ɗiyata ce. In ka taɓa mata ganye ɗaya, ni da kai ne."