Littattafai Biyu a Bakin Kabari

A ƙarshen shekarun saba'in aka tura ni koyarwa wani ƙauye tsakanin Buza da Karofane. Lakkol ɗin, wato makarantar, aji biyu ne na laka, malamai ma mu biyu ne, ni da darakta. Shi mutumin Dahome ne, Kirista ɗan Katolika, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai soya ƙosai a ƙofar lakkol kowace safiya. Ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa da ta ciniki, amma matan gari sun saba da ita.

In ka cire gidan darakta, Kirista ɗaya ne a garin, wani dattijo magini. Iyayensa Azna ne masu bin addinin kakanni. Danginsa duk sun musulunta, shi kuwa ya taɓa doguwar jinyar ƙafa a wani asibitin mishan can wajen Madawa, ya dawo da sabon addini, da karatun boko, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda yake ajiyewa cikin jakar fata. Yawancin rumbunan garin shi ya gina su, kuma ban taɓa jin an yi masa gori ba. Suna gaisawa da darakta, amma ba sa ibada tare, domin ɗarikarsu ba ɗaya ba ce.

Cikin bazara tsohuwar ta kwanta zazzaɓi, ba ta daɗe ba ta rasu da hantsi. Limamin Katolika yana can Tawa, ba mota, kuma da irin wannan zafi ba a ajiye gawa. Maigari ya ba da wuri bayan lakkol, ƙarƙashin wata aduwa, samari suka shiga haƙa. Darakta ya aika aka kira maginin, ya roƙe shi ya yi karatu a bakin kabari da Hausa, don mutanen da suka zo su ji abin da ake faɗi. Ya buɗe littafinsa na Faransanci ya nuna wurin da yake so, wurin da aka karanta ranar da aka binne mahaifinsa, wanda ke magana a kan inda rayukan mutanen kirki suke bayan mutuwa.

Ni aka sa tsakani, tun da Hausar darakta ba ta da ƙarfi, magini kuma bai san Faransanci ba. Muka zauna a inuwar aji muna neman wurin a littafin Hausa. Muka bi sunayen littattafan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, daga Attaura har Linjila, ba mu same shi ba. Na ɗauka sunan ne ya sha bamban, sai na jera na Faransanci da na Hausa ina gwadawa. A nan na ga na darakta ya fi na magini da littattafai bakwai.

Magini ya karɓi littafinsa, ya duba ɗinkin ko wasu shafuka sun zube. Ba abin da ya zube.

"Mushe," ya ce mini, kamar yadda ake kiran malaman lakkol, "tambaye shi, nau na da ragi, ko nashi na da ƙari?"

Darakta ya ce yau ba ranar wannan magana ba ce. Aka tsaya a kan cewa magini ya karanta Zabura daga littafinsa, darakta kuma ya karanta nasa da Faransanci. Ya roƙi magini ya maimaita da Hausa in na fassara masa, magini ya ce ba zai faɗi a bakin kabari abin da bai gani a littafinsa ba. Don haka ni, Musulmi, na tsaya gefen darakta ina mayar da maganar Hausa, jimla bayan jimla. Mutanen gari suna tsaye daga nesa kaɗan, limamin garin yana cikinsu. Aka rufe kabari, aka watse.

Bayan zaman makoki ya ƙare, magini ya zo lakkol da la'asar da jakarsa. Liman ma ya zo gaisuwa, ya tarar da mu, ya zauna. Darakta ya taɓa yin wasu shekaru a makarantar horar da limaman coci kafin ya bari, sai ya faɗi abin da ya tuna, ina fassarawa.

Ya ce da farko babu littafi ɗaya mai bango biyu. Kowane littafi naɗi ne daban, na fata ko na takardar da ake yi da wata ciyawar bakin kogi, ana kwafarsa da hannu, in ya tsufa a sake kwafa. Wani gari yana da naɗi kaza, wani gari yana da fiye ko ƙasa da haka. Yahudawan da ke zaune a Masar suka juya littattafan daga Ibrananci zuwa Girkanci, kuma tarin da ya yaɗu da Girkanci ya haɗa da wasu da ba su shiga tarin Ibrananci ba. Kiristocin farko da na Girkanci suka fi aiki. Ya ce har manyan tsofaffin kwafi da suka rage, waɗanda aka ɗinke wuri ɗaya, ba duka suka zo daidai da juna ba. Sai a hankali shugabanni suka tsayar da abin da za a riƙa karantawa a sujada. Da rabuwar Kiristoci ta zo daga baya, ɗarikar magini ta bi lissafin Ibrananci, tasa ta riƙe mai faɗin.

Liman ya tambaya ko akwai waɗanda suka haddace littattafan gaba ɗaya. Darakta ya ce bai sani ba, amma ba haka aka saba ba. Liman ya ce to, lamarin Alƙur'ani daban ne, domin yana cikin ƙirazan mahaddata tun kafin a tara shi, amma maganar naɗe-naɗe ba baƙuwa ba ce gare shi. Littattafan da ya gada wurin mahaifinsa waraƙa ne a sake cikin gafaka, kuma gafakar ƙanen mahaifinsa tana da waɗanda tasa ba ta da su, alhali malami ɗaya ya karantar da su biyun. Ya yi sallama ya tafi masallaci.

 Magini ya tambaya ko waɗanda suka ware littattafan bakwai sun ce ƙarya ne. Darakta ya ce a'a, da yawansu sun ce suna da amfani a karanta, sai dai ba a kafa hukunci da su.

"To, ashe ba sata anka yi min ba," in ji magini.

Ya roƙe ni in rubuta masa fassarar da na yi a bakin kabari. Na rubuta da manyan baƙaƙe a takardar aji. Ya karanta a hankali yana bi da yatsa, ya ninke, ya sa cikin jakar fatar, a bayan bango, bai sa tsakanin shafuka ba.

Bayan girbi ya tafi Madawa, ya tambayi wani fasto na ɗarikarsu. Da ya dawo ya ce mini maganar ɗaya ce da ta darakta, sai dai kowa ɓangarensa yake yabawa. Daga nan wasu ranakun Lahadi nakan gan shi ya shiga gidan darakta da jakarsa, wasu kuma ba ya zuwa. Shi ya kewaye kabarin da duwatsu da laka don kada awaki su tattake shi.

Darakta ya koma ƙasarsu a farkon shekarun tamanin, ni kuma aka mayar da ni Keita. A shekarar da aka yi fari magini ya bi 'yarsa zuwa kudu, can ya rasu. Wani tsohon ɗalibina ne ya ba ni labari a kasuwar Buza. Na tambaye shi jakar, ya ce tana hannun 'yar, ita kuwa ba ta iya karatun boko ba.