Sun Kwashe Rigunan Ceto, Ruwa Ya Ci Malam Almustapha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Almustapha Hammadu, malamin kimiyyar halittu a makarantarmu ta jeka-ka-dawo da ke Yelwa. Kwalekwalen da ya ɗauko shi daga wani tsibiri a ɓangaren Ngaski ne ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa ya kife. Sai washegari da hantsi masunta suka tsamo gawarsa. Shekarunsa arba'in da bakwai. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Zulai'atu, da 'ya'ya biyar.

Na san babu mai wuce lokacinsa, kuma ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma Malam, kwana tara ke nan ina ƙoƙarin rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda aka saba, hannuna ya ƙi. Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili.

Shekara goma sha ɗaya muna zaune a ofishin malamai ɗaya, ni ina koyar da Hausa, kai kana koyar da halittu. Kai ɗan makiyaya ne daga Shanga, a bayan shanu ka fara sanin tsuntsaye tun kafin ka san allo. Da ka zama malami ba ka yarda yara su san zalɓe a hoton littafi kawai ba alhali yana tsaye a bayan gidansu. Kakan kwashe su zuwa bakin ruwa da tsohon madubin hangen nesa guda ɗaya, su yi ta karɓa-karɓa, suna ƙirga kirinjijiya da dinya da gauraka suna rubutawa. 'Yan acaɓa suka sa maka suna Malam Balbela don su yi maka dariya. Kai kuwa ka amsa sunan, har kana ɗaga musu hannu.

Ban manta da shekarar da matata ta yi wata guda a asibiti ba. Ba tare da na roƙe ka ba ka ɗauki azuzuwana ka haɗa da naka. Da na dawo yara suka ce mini ka koya musu insha'i, amma duk jigon da ka ba su sai ya ƙare a kan tsuntsu. Ban kuma manta da Elijah Bitrus ba, masuncin da ke kama 'ya'yan gauraka yana kai wa masu hali su ƙawata gidajensu. Da wani ne, da ƙara zai kai shi. Kai ka yi ta zuwa kana zama a kan tabarmarsa, kana taya shi gyaran koma, har ya mayar da tsuntsayen da hannunsa. Daga nan ya zama mai tuƙa ka a ruwa, 'yarsa Rachel kuma ta zama shugabar ƙungiyar ɗalibanka.

Shekara uku da suka wuce wani kamfanin shinkafa ya samu fili a fadamar bakin tafki. Ba zan ambaci sunansa ba. Ba tsoro ya hana ni ba, na gaji ne da ganin sunansa kusa da naka. Jami'insu ya zo makaranta da magana mai daɗi: suna son su ɗauki nauyin kare tsuntsayen bakin ruwa, su kuma tallafa wa ilimin muhalli ga matasa. Za su ba da jirgi mai inji, da rigunan ceto masu hana nutsewa, da madubai. Ka saurare shi har ya gama. Da ya fita ka ce mini, “Auwalu, mutanen ga ba tsuntsu suka so ba, hoto suka so.”

Na ce, “Malam, su ɗauki hoton mana, in dai yara za su samu jirgi.”

Ni na matsa maka. Ni na rubuta takardar amincewa, na kawo maka ka sa hannu. Wannan yana cikin abin da ke cin raina yau.

Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfuna, an raba wa yara riguna masu sunan kamfani gaba da baya. Aka sa wa ɗalibai talatin rigunan ceto sababbi ful, aka jera su a cikin jirgi, kai kana tsakiya kana nuna wani abu a sama kamar yadda mai ɗaukar hoto ya umarce ka. Kafin la'asar, a gabanmu, aka tuɓe wa yaran rigunan ceton ɗaya bayan ɗaya aka loda su a mota. Wai za a kai su a buga musu tambari a dawo da su. Jirgin kuma bayan mako biyu muka hango shi yana jigilar buhunan taki zuwa gonar kamfani. Ka rubuta wasiƙa, ka sake rubutawa, ka je ofishinsu aka bar ka a kan benci. Tun daga ranar ka ce ba za ka ƙara sa ɗan kowa a kan ruwa ba, kuma ba ka ƙara ba. Rigunan ceto guda biyu ka samo da kanka, ka ba wa ɗalibai biyu masu ƙetarowa makaranta kullum daga tsibiri. Ba ka ajiye wa kanka ko ɗaya ba, alhali ka san ba ka iya iyo ba. A kan wannan, Malam, har kai ina jin haushinka.

Da abin ya tsaya nan da na ce rowa ce kawai. Sai ga shi waɗanda suka ce sun zo kare tsuntsaye sun sa an nome burugun da tsuntsayen ke ƙwai a ciki, ciyawar da shanun danginka ke dogaro da ita da rani. Da shinkafa ta fara nuna suka yi feshin maganin kashe jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cinye hatsi, maganin kuwa bai san jan-baki daga kirinjijiya ba. Na je da kaina na gani. Bakin ruwa ya cika da matattun tsuntsaye da kifi, Rachel tana tsince su tana kuka tana kiran sunan kowanne, kai kuma kana cewa, “Rubuta, Rachel. Yi kukanki, amma ki rubuta.”

A ƙarshen shekarar suka kawo maka rahoto mai sheƙi, an rubuta cewa tsuntsaye sun ƙaru saboda tallafinsu, wai ka sa hannu. Shugaban makaranta ya roƙe ka kada ka jawo mana matsala. Ka ce, “Ni malami na. In na sa hannu ga ƙarya, da wane baki zan hana yaro satar amsa?” Suka cire ka daga shirin. Hotonka kuwa ba su cire ba. Har yau yana nan a kan allon tallarsu kusa da tasha, kana nuna sama.

Mu malamai me muka yi? Mun yi gunaguni a ofis, mun ce Malam ya cika taurin kai, muka ci gaba da duba takardun jarrabawa.

Cikin daminar bana ka ji labarin za su faɗaɗa gona zuwa tsibirin nan na ɓangaren Ngaski, wuri na ƙarshe da ka san gauraka na sheƙa a yankinmu. Ka yi ta zirga-zirga har hakimi ya yarda a zauna ranar Litinin, kamfani ya zo, kai ma ka zo da hujjarka. Hujjar ka je nema ranar Talata, kai da Elijah, a cikin tsohon kwalekwalensa. Ruwa ya cika ya rufe kututturan itatuwan da ke ƙasa. Kun ɗauki hotunan sheƙuna, kun juyo, kun yi rabin hanya.

Elijah ya ba ni labarin sauran a bakin ruwa. Ya ce, “Malam Auwalu, sau biyu ina kama hannunai. Ruwa na ja, nauyi ya hi ƙarhina, muna nutsewa tare. Sai yac ce, sake ni Elijah, kada mu tahi mu biyu. Ban sake shi ba, wallahi. Shi yaz zare hannunai.”

Riga ɗaya. Riga ɗaya daga cikin talatin ɗin da aka tuɓe wa yara a gabanmu, da ta riƙe ka a saman ruwa har masunta su iso, domin ba su yi nisa ba, sun ji ihun Elijah. Na sani, da Allah ya so ɗaukarka da riga ba ta hana ba. Amma wanda ya yi alkawari a gaban jama'a ya saɓa, kada ya zo ya fake da ƙaddara.

Sun zo kuwa. Ranar sadakar uku, muna zaune a ƙofar gidanka, sai ga motar kamfanin. Jami'in nan ya sauko da mai ɗaukar hoto, da ƙyalle mai hotonka, da rigunan ceto talatin, an buga sunanka a bayan kowace. Shekara uku ba a samu damar buga tambari ba, sai ga shi an samu cikin kwana uku. Ya ce kamfani ya yanke shawarar sa wa shirin sunanka. Na miƙe ban san abin da zan yi ba, sai Allah ya fito da mahaifiyarka Inna zuwa zaure. Tsohuwar ta dubi ƙyallen ta ce, “Ku naɗe abinku. Ɗana ba shi bukatar riga yanzu, mun riga mun sa mishi tashi.” Zulai'atu kuma daga bayan ƙyaure ta ce, “Rigunan ku aje su, na yara ne tun farko. Hoto kuwa ba a ɗauka a gidan ga.” Suka ajiye, suka tafi, babu wanda ya raka su.

Ranar Litinin an yi zaman, Malam. Wayarka da hotunan suna ƙarƙashin ruwa, wakilin kamfani har ya fara cewa babu hujja. Sai Rachel da abokiyarta Fauziyya suka tashi da littattafansu na makaranta, suka karanta ƙirgar shekara uku, wata bayan wata: adadin tsuntsaye kafin feshi, da adadinsu bayan feshi, da ranar da aka tsinci matattu. Muryar Fauziyya ta yi ta karyewa amma ba ta zauna ba. Elijah ya ba da shaidar sheƙuna bakwai da ya gani da idonsa. Hakimi ya ce kada a taɓa tsibirin sai jami'an muhalli sun zo daga Birnin Kebbi sun duba. Ban ce an ci nasara ba. Na san irin mutanen da muke hulɗa da su. Amma dai bana 'ya'yan gauraka za su tashi.

Ga masu kamfanoni ina da magana ɗaya. Ba mu ƙi tallafi ba, yaranmu na bukatarsa, tafkin nan ma na bukatarsa. Amma in kun ba yaro abu, ku bar masa. In kun ce kuna kare tsuntsu, kada ku zuba masa guba a wata gona. In ba za ku iya ba, ku noma shinkafarku ku bar mana malamanmu da sunayensu. Wannan kamfani kuma ya sauke allon nan na kusa da tasha. 'Ya'yan mamacin ta nan suke bi zuwa makaranta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da Malama Zulai'atu da yara, da dangi na Shanga, da ɗalibai, da Elijah Bitrus wanda har yau bai koma ruwa ba. Elijah, ba laifinka ba ne, ka yi iyakar ƙarfinka. Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, ya raya abin da ya bari cikin albarka.

Malam, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Mu kuma da muka gani muka yi shiru, Allah ya gafarta mana, kada ya ƙara ba mu ikon yin irin wannan shirun. Waɗanda suka san gaskiya suka take ta kuwa, ban yi musu addu'ar sharri ba a kan kabarinka. Na dai kai ƙararsu wurin da ba a shiga da mai ɗaukar hoto.

Amin.

Auwalu Shanga, Yelwa