Kifi Mai Tsagar Gobir

Likita ta hana ni nama, shi ya sa nake saye a ɓoye. Tun da aka ce ina da tansiyo, wato hawan jini, matata ta mayar da miyar gidanmu ruwan ɗumi mai launin kuka, ba gishiri, ba mai. Ni kuwa na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kafin in aje aiki, na saba kafa doka, ban saba bin ta ba. Bayan la'asar sai in ce zan je in miƙe ƙafa kamar yadda likita ta ce, in miƙe ta har bakin tasha wurin mai balangu, in laɓe bayan wata matacciyar motar Kornaka in ci abina.

Da takardar buhun siminti mutumin yake ƙunshe nama. Wata rana ta ƙare masa, sai ya samo wani littafi mai kauri da bangonsa ya fita, ya shiga yagarsa falle-falle. Ranar ina cikin dangwalar yaji sai na ga ido yana kallona ta ƙarƙashin albasa. Na ture naman gefe. Hoton wani ƙaton kifi ne mai fuka-fuki yana shawagi a sama, ya wangale baki yana haɗiye gari guda, da gidaje da itatuwa har da shanya a kan igiya. Can ƙasa ga wata ƴar yarinya mai jan gashi riƙe da guga, ta ɗaga kai. A bayan fallen akwai rubutun Faransanci da manyan baƙaƙe irin waɗanda ake yi wa yara. Na karanta ina tauna. Ashe ɗebo ruwa yarinyar ta je, ta dawo ta tarar an haɗiye garinsu da uwarta a ciki. Layin ƙarshe ya yanke a tsakiyar magana.

Na ja tsaki. Mu nan Dakoro ko a ruwa ba mu da kifi, wani ya ƙoshi can ƙasarsu ya ɗora shi a sama. Da a aji na kama yaro da wannan shirme, da na tura shi ya ɗauko littafin lissafi. Washegari tun kafin naman ya gama gasuwa ina tsaye a gaban tukubar, ina cewa a ƙunshe mini da fallen da ke biye.

Haka na shiga labarin, da furfurata da komai. Yarinyar ta sami wata butar shayi mai ƙafafun jimina, ta haye ta, suka bi kifin ƙasa-ƙasa. Butar ga tsiwa ga tsoro, in ta firgita sai ta tafasa. Matsalar ita ce ba ni kaɗai ke sayen nama a Dakoro ba. Yau in bar yarinyar a bakin wani kogi, gobe in same ta ɗaure a kan dutse, abin da ya faru a tsakani kuwa wani direba ya tafi da shi garin Ɗan Gulbi ya goge hannu. Na koma bin gefen tasha ina duba ƙasa. Na taɓa kokawa da akuya a kan rabin falle, ta tafi da rubutun, ta bar ni da wutsiyar kifi. Ba a jima ba zance ya zagaya gari cewa Mushe ya fara tsince-tsince, don har yanzu da sunan malaman lakwal ake kirana. Matata kuma ta zo wanki ta ciro takardu masu maiƙo daga aljihuna, ta shinshina, asirin miƙe ƙafa ya tonu. Ta ce naman bai ba ta mamaki ba, hoton butar ne ya sa take tunanin a nemo mini rubutun sha.

Sai ranar da aka ƙunshe mini hanta da fallen da aka zana fuskar kifin dab da dab. A kowane kunci an ja masa layuka daga gefen baki har zuwa inda kunne ya kamata ya kasance. Tsagar Gobir ce sak. Na tuntsire da dariya ni kaɗai bayan motar nan, har na ƙware. Sai dariyar ta mutu mini a baki, domin mutum ɗaya ne a duniya ya kamata in kai wa hoton nan a guje, shi kuwa na daina iya yi masa wasa.

Abokina ne tun muna yawo ba wando, Bagobiri, dillalin shanu. Ni Bakatsine ne, saboda haka wasan da ke tsakaninmu na gado ne. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce da ƙwaryar fura kakana ya sayi kakansa, kuma an cuci kakana. Ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Ran ɗaurin aurena ya fizge mini hula a gaban surukai. Ran da ya dawo daga Makka na tare shi a gaban jama'a na tambaya ko da gaske an bar shi ya shiga.

Da daminar da ta wuce ya faɗi a kasuwa tsakiyar shanu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma ja. Ranar da na fara zuwa duba shi na taho da zagina a shirye. Na same shi jingine a zaure, matarsa tana share masa haɓa da gefen mayafi. Sai na ji bakina ya ce, “Sannu Alhaji, ya jiki?” Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, “Da sauƙi, Mushe.” Daga nan muka maƙale. Kullum na je sai gaisuwa da addu'a da shiru, kamar na je gaban alƙali. Zuwan ya riƙa gajarta, ya riƙa nisa da juna. Na yi kewarsa ƙwarai, alhali yana nan zaune a zaurensa, tafiyar da ba ta kai a hau kabu-kabu ba.

Na ninke fuskar kifin na sa a aljihu, na ci gaba da farautar labarin. An kai inda yarinyar ta yanke shawarar ta bari kifin ya haɗiye ta, ko ta ga uwarta. Na isa tasha da ɗoki, sai na ga an koma takardar siminti. Mai balangu ya ce ai sauran littafin an ɗauke. Matar Alhaji dillali ce ta zo da kanta, ta ce maigidan ya ce a tattara masa duk abin da ya rage. Sai a lokacin na lura shi ma mai balangun da tsagarsa a kunci, yana ta murmushi yana juya nama.

Mutumin da ko sunansa bai iya karantawa da boko ba, me zai yi da littafin Faransanci? Na nufi gidansa ina huci, amma ina shiga zauren na gan shi da hannun nan a yashe a kan cinya, sai ladabin ya sake kama ni. Na gaishe shi, ya amsa. Ga takardun nan na hango gefensu ya danne da cinyarsa mai lafiya. Na yi gyaran murya na ce na ji an kawo masa wasu ƴan takardu. Ya ce waɗanne takardu, Mushe? Ya shiga tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya da jan bakinsa, har da ɗiyata da ke aure a Maraɗi, har da tumaki. Ina amsawa da lafiya lau, cikina yana tafasa kamar butar littafin.

Akwai ɗan murhun shayi a gabansa. Ya zaro falle ɗaya da hannun hagu, ya shiga fifita garwashin da shi. Na ga jan gashin yarinyar yana wulgawa. Sai ya nannaɗe fallen a hankali, ya miƙa bakin fallen cikin wuta, yana kallona.

“Kai, ɓarawon Bagobiri!” Ban san lokacin da na fizge takardar ba. “Jikan kihi! An shanye maka rabin jiki, mugun rabin aka bari!” Na zaro hoton nan daga aljihu na manna masa a fuska, na ce ga kakansa nan, shi ma gari guda ya haɗiye bai ƙoshi ba, gadonsu ne. Na faɗi wasu abubuwan da ba za su rubutu ba. Matarsa ta leƙo daga cikin gida da muciya a hannu, ta koma.

Jikinsa ya kama rawa. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya tashi. Ashe dariya yake da rabin baki, hawaye na bin tsagar nan har cikin gemu. Da ya samu numfashi ya ce, “Bawana, sai yau ka zo gaishe ni.”

Na zauna na zuba wa kaina shayinsa ba tare da an ba ni ba, na ce ba shi da daɗi.

Shi ya kafa sharaɗi: falle ɗaya a kowane zuwa, in karanta a gabansa, in juya masa da Hausa. In na nemi na biyu sai ya ƙara danne cinya. Ban taɓa karatu da ɗalibi mai taurin kai irinsa ba. Tun farko ya goyi bayan kifin, wai ɗan'uwa ne, kuma mai yiwuwa mutanen garin Katsinawa ne, haɗiyewar ta dace da su. Butar kuwa ya ƙare mata kallo irin na dillali, ya ce ƙafafun baya ba su da ƙwari, shi ba zai shiga cinikinta ba. Amma ranar da yarinyar ta ga hayaƙin girkin uwarta a cikin cikin kifin, ya sa na maimaita wurin, ya juya fuska bango wai hayaƙin murhu ne ya shiga masa ido. Matata ta daina maganar rubutun sha, tunda yanzu in na ce zan miƙe ƙafa ba na dawowa da warin albasa.

Takardun sun yi ta raguwa har saura falle guda. An tsaya a inda yarinyar ta riƙe hannun uwarta, bakin kifin yana rufuwa, butar ta tafasa ta ƙi motsi. Na miƙa hannu, sai ya ninke fallen ya cusa cikin hularsa ya mayar da ita a ka. Ya ce wannan ba zan gan shi ba sai ranar da aka fitar da shi daga zauren nan a makara, ya riga ya bar wa matarsa wasiyya. Na ce to ya yi sauri, don idona ya fara rauni. Ya ce sai ya ga bayana.

Kullum bayan la'asar ina can. Mun koma farkon littafin da takardun da na tara, inda ya ɓace shi yake cikewa da ƙaryarsa. Ina shiga zauren hular nake fara dubawa, in na gan ta a kansa sai in zage shi in zauna. Har yau ban san ko yarinyar ta fita da uwarta ba, kuma ina roƙon Allah kada in sani da wuri.