Kwalin Dabinon Da Ya Raba Tsohuwa Da Gidanta

Lokacin da abin nan ya fara ni budurwa ce mai rawar kai, ina aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori a unguwar Safa da ke Jidda, ba ni da burin da ya wuce in ga duniya. A unguwar Waziriyya aka haife ni, a gidan da kakana ya kafa bayan ya zo aikin hajji bai koma ba. Gidanmu ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Duk wanda ya yi sallama ya ce wane ne ya turo shi, shimfiɗa ake yi masa a kawo tuwo. Da wannan hali na taso kuma ina alfahari da shi. Amma yau ina rubuto muku zuciyata tana tafasa, don wannan halin ne wani ɗan'uwana ya fake da shi ya kifar da rayuwar wata baiwar Allah da sunana.

Hutuna na farko na tafi ƙasar Sifaniya, birnin Granada. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, a saman bene, cikin wani lungu mai hawa da sai ka tsaya ka huta kafin ka kai. Ba ta jin Larabci, ni kuma ko gaisuwa ban iya da Sifaniyanci ba. Ita ta koya mini, da mugunta irin ta kakanni. Ba ta miƙo mini gishiri sai na faɗi sunansa. Ta tura ni sayen burodi ta tsaya a baranda tana kallo, in na dawo da abin da ba shi ba ta yi ta dariya har da hawaye. Daga nan kowace shekara can nake hutu. Na ɓata a motar haya, na yi ciniki a kasuwa, har bakina ya buɗe muka koma gulmar maƙwabta tare. Ta sayi tukunya daban saboda ni, ta daina shigo da naman alade gidan in ina nan, ta koma kirana 'yarta. Abu ɗaya take tsoro a duniya: ɗanta da ke wani gari ya daɗe yana so ya kai ta gidan kula da tsofaffi, yana neman hujja kawai. Takan ce gawarta ce kaɗai za ta sauka daga benen nan.

Ina da ɗan kawu mai garejin gyaran mota a unguwar Khumra, mutum mai bakin tsiya da son banza, wanda in ka ba shi ruwa sai ya tambayi inda tulun yake. Wata shekara na ji zai je Sifaniya kallon ƙwallo da abokansa. Kamar yadda muka saba ba wa matafiyi saƙo, na haɗa kwalin dabino da turaren wuta, na nuna masa gidan a waya, na ce ya miƙa a bakin ƙofa ya wuce. Ya ce halas, an gama. Da ya dawo ya ce saƙo ya isa, tsohuwa tana gaisuwa. Bayan wasu watanni wayarta ta daina shiga, na ɗauka lalacewa ta yi, don dama ba ta damu da ita ba.

Da hutu ya zagayo na hau benen da ɗokina, na tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, tukwanen furanninta duk sun bushe. Wata maƙwabciya ta leƙo, tana ganina ta tare ni a matattakala. Ta ce wato ni ce wadda ke turo musu maza. Ta ce ɗan'uwana ya zo da garada abokansa da jakunkuna, ya nuna hotona, ya ajiye dabino ya shige. Tsohuwa ta kasa korarsu don sun ambaci sunana. Suka mamaye falonta, suka karɓi makullinta, suna soye-soye da ihu a waya har maƙwabta suka gaji. Bai tsaya nan ba. Da ya koma Jidda sai ya riƙa ba mutane kwatancen gidan, wai akwai masaukin 'yar'uwarsa kyauta. Wasu suka sake zuwa, su ma da sunana, ta sake buɗewa. Maƙwabta suka kira ɗanta, ya zo ya tarar da baƙin maza kwance a falon uwarsa, ya ce ga hujja nan, hankalinta ya fara gushewa. Maƙwabciyar nan ta kira ni maciya amana, ta kira ni abin da ba zan iya rubutawa ba. Babu kalma ɗaya da ta wuce ni. Ranar na yi fatan da ban taɓa koyon yaren ba.

Na nemi gidan tsofaffin a bayan gari na same ta zaune gefen taga, ta rame. Hankalinta garau, ta gane ni tun daga ƙofa. Na durƙusa ina ba ta haƙuri da duk Sifaniyancin da ta koya mini, ina rantsuwa ban turo kowa ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta sani. Ta ce ta buɗe ne don kada in ji an ce ta wulaƙanta dangina. Ta tambaye ni ko na ga furanninta, na yi mata ƙarya na ce suna nan. Ta juya fuskarta ga taga, ta ce in tafi kada motar gari ta wuce ni. Ba ta kira ni 'yarta ba.

Ina sauka Jidda na wuce Khumra da jakata. Na sami ɗan kawun nawa ƙarƙashin mota, na zazzage masa duk abin da ke cikina a gaban kowa. Ko tashi bai yi ba. Ya ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya, ai Turawa ne ba su san darajar baƙo ba, mutum nawa muka kwanar a gidanmu ba mu mutu ba? Ya ce yalla, maza in ba shi wuri yana da aiki. Abin da ya fi ƙona ni, dangi bayansa suka bi. Kawu ya ce na fifita bare a kan jinina. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri in gaishe da ɗan'uwan nawa ranar sallah. Ban gaishe shi ba, kuma ba zan gaishe shi ba. Wanda ya ga dama ya kira ni mai riƙo, na yarda.

Abin da na koya shi ne, karamcinmu namu ne, a gidanmu yake da kyau. Ba ka da ikon ɗaukarsa ka ɗora wa wanda bai san shi ba, balle tsohuwa mai zaman kaɗaici. 'Yan'uwa masu tafiye-tafiye, in Allah ya haɗa ku da mutumin kirki a wata ƙasa, ku tsare ƙofarsa fiye da taku. Kada ku ba kowa kwatancen gidansa, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, in dai kun san halinsa. Ni na san halin nawa sarai, na kuma miƙa masa kwalin da hannuna. Har yanzu ina jin Sifaniyanci, wani lokaci ma da shi nake mafarki. Amma wadda nake so in yi hira da ita tana can gefen taga, benen da ta rantse ba za ta sauka ba an sauko da ita da ranta.