Ranar da Wayoyi Biyu Suka Daina Haɗa Direbobi Faɗa

Ko tsufa ya cinye min haƙora, ba zan manta da wata ranar kasuwa a wata tashar mota ta Gusau ba. Kawuna, tsohon direba, shi ya tsaya min gaban shugabannin tashar har suka yarda na haɗa musu manhajar raba layin lodi na motocin Tsafe da Bungudu.

Tashar ƙofa biyu gare ta, kowace da ɗan kamasho riƙe da waya. Idan motoci suka shigo tare, kowace waya sai ta leƙa rumbun bayananmu, ta ga lamba ɗaya, ta miƙa wa direbanta. Mutum biyu, layi guda! Ranar da aka yaga wa wani riga, shugaban tasha ya dubi kawuna ya ce, "Malam, wanga yaro naka zai sa a zubar da jini. In aka sake, kai da shi ku bar muna tasha." Kawu ya sunkuyar da kai. Wallahi abin ya ci min rai.

Sai na ƙwace hukunci daga hannun wayoyin. Na rubuta umarni guda na ajiye shi cikin rumbun kansa: ya rufe layi, ya ba mota ɗaya lamba, sannan ya buɗe wa ta baya. Aikin manhaja kawai ta kira umarnin da sunansa, ta ba shi lambar mota da garin da za ta, ta jira amsa.

Ranar kasuwa shugaba ya ce sai an gwada a gabansa. Ya tsayar da 'yan kamashon kafaɗa da kafaɗa, ya zaɓo direbobin nan biyu da suka yi dambe. "Ku danna tare!" Suka danna.

"Bakwai," in ji na farko.

"Ni takwas."

Aka sake, aka kuma sakewa, lamba ba ta taɓa haɗuwa ba. Tasha ta kaure da ihu, wani ya ɗora hannu kan oda ya ƙi ɗagewa. Kawu ya gyara hula, ya ce da shugaba, "To, Alhaji, mu tafi ko mu zauna?"

Tun daga ranar na gane cewa abin da mutane ke rububi a kai, wuri ɗaya ya kamata a yanke hukuncinsa. Kawu kuwa a tashar nan ya yi ritaya da mutuncinsa.